Khala Turai, Mai Ƙidayar Hannuwa a Tire

Kafin a kira azahar, Khala Turai, wato Inna Turai da Larabci, ta riga ta sauke tukunyar shinkafa a rumfarta, bayan Tashar Jiragen Ruwa ta Jidda. Shekara ashirin da shida ke nan. Leburori kan zo biyar-biyar, Hausawa da 'yan Pakistan da 'yan Bangaladash, su zagaye tire ɗaya. Mu maza, in mun zauna, idonmu na kan nama. Nan iliminmu ya tsaya. Ita kuwa hannuwa take kallo: wa ya kai loma biyu ya janye, wa ya daina rigimar ƙashi.

A Karantina aka haife ta, tun kafin a rushe unguwar. Can yayanta ya daina magana, aka yi ta hayaƙi da tofi har ya rasu, ba wanda ya ambaci likita. Ba ta yafe wa shirun nan ba. Ta manne wa wata ma'aikaciyar jinya, Sajida, a wani ƙaramin asibitin Aziziyya, har ta koyi alamomin ciwon damuwa, ta haɗa da Urdun kasuwa.

Bara, tiren su Sadiƙ, wani ɗan Pakistan mai ɗaure kaya, ya koma hannu huɗu.

"Ina na biyar ɗinku?"

"Azumi yake, Khala," in ji Rafi'u, Bakanon da suke ɗaki ɗaya.

"Kwana tara? To ku bi sahun waliyyin mana, tukunyata ta huta."

Rafi'u ya sunkuyar da kai, gaskiya ta fito. Mahaifiyar Sadiƙ ce ta rasu, bai samu zuwa jana'iza ba. Yana kwance, ba ci ba magana, har ya cire agogonsa ya ba Rafi'u kyauta. Su kuma suka ɓoye shi, suna yi masa aikinsa bi da bi, suna shafa masa zamzam, don kada kafili, ubangidan da ya ɗauko shi aiki, ya ji an ce ya taɓu, ya soke iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ya tura shi gida.

"Kun ɓoye shi kada a kore shi," in ji ta. "Gawa ake sabunta wa iƙama? Wanda ke rabar da agogonsa ba hutu yake nema ba, sallama yake yi. Yalla, tashi mu je!"

Ta kife murfin tukunya ana tsakiyar ciniki. Ta kai Sadiƙ wurin likita, Sajida na fassara. Daga nan ta wuce wurin kafilin da ƙartin maza huɗu ke tsoro, ta ce masa ciwo ne kamar sukari, yana da magani. Ya yi 'yan gunagunansa, ya ba da hutun wata guda.

Tun lokacin, duk Juma'a bayan masallaci, rumfar kan zama aji. Darasin bai canja ba: addu'a ba ta hana shan magani, kuma namiji ma yana da ƙirji.

Khala, ke ce inuwar da ba ta tambayar takarda. Ba ki da allo ba ki da farar riga, amma kin koya wa masu gemu tambayar da ta fi ƙarfinsu: "Ɗan'uwa, me ke damunka?"

Yanzu gwiwa ta ce ta gaji, ƙarshen watan nan za ta ajiye ludayi. Makon jiya Sadiƙ ya zauna a tire, agogonsa a hannu, ya yamutsa fuska.

"Khala, barkono ya yi kaɗan."

"Halas, ya warke," in ji ta. "Mai ƙorafi bai gama da duniya ba."

Mun gode, Khala Turai, Allah Ya ba gwiwar nan lafiya. Mu kuma da za mu ci gaba da zagaye tire, aikin ya dawo kanmu. Nama ba zai gudu ba. A fara ƙirga hannuwa.