La'adar Gidan Inna Hansai

Muttaka bai gaji dillanci ba. Kakansa mutumin Haɗeja ne da ya taso a ƙafa zai je Makka, guzuri ya ƙare masa a bakin kogin Shari, ya yada zango, zangon ya zame masa gari. Mahaifinsa tela ne. Shi kuwa a kasuwar dabbobi ta unguwar Farcha ya buɗe ido, yana shiga tsakanin mai saniya da mahauci. Shekarar da darajar sefa, kuɗin ƙasar, ta karye, wato 1994, ya bar shanu ya koma gidaje da filaye. Hausawa su ce masa dillali, masu Larabci su ce samsari.

Ƙa'idarsa ɗaya ce: biyar cikin ɗari daga mai sayarwa, mai saye kuma ya ba da abin da ya ga dama. Abokan sana'arsa goma suke yanka, wasu ma su ci ta gaba su ci ta baya. Shekara goma ya yi a haka, yana haya a ɗaki biyu da matarsa Zaliha da 'ya'ya biyar.

A 2004 kuɗin man fetur suka fara shigowa gari, farashin gidaje ya tashi kamar an kunna masa wuta. A lokacin ne Inna Hansai, wata dattijuwa mai sayar da busasshen kifi a unguwar Chagoua, ta aika aka kira shi. Mijinta ya rasu, 'yarta tilo Sakinatu da ke aure a unguwar Gassi kuma ba ta da lafiya. Dattijuwar so take ta sayar da gidanta ta koma kusa da ita.

"Ɗan nan, ni ban san lissafin cikin ɗari ba," in ji ta. "Miliyan takwas nake so a hannuna. Abin da ya hau, naka ne, halak malak."

"Inna, in ya hau da yawa fa?"

Ta yi dariya. "Wannan kangon? Allah Ya sa ya hau."

Muttaka ya karɓi sharaɗin, ya ɓoye abin da ya sani. Tun da ya shigo ya lura gidan a bakin hanya yake, ya kuma san wani ɗan kasuwa da ke neman irin wurin don ya gina shaguna. Kafin sati biyu ciniki ya faɗa a miliyan goma sha uku. Takardar da Faransanci aka rubuta ta, Inna Hansai ta dangwala yatsa, ya miƙa mata takwas ɗinta. Ta riƙe hannunsa tana sa masa albarka.

Ranar ya kasa cin tuwo. Ya je wa abokinsa Idris, wanda suke zama inuwa ɗaya suna jiran masu neman gida.

"Ita ta faɗa da bakinta ko kai ka tilasta ta?" in ji Idris.

"Ita ta faɗa."

"To, me ya rage? Wahalar shekara goma ce Allah Ya biya ka rana ɗaya."

Ya tambayi limamin unguwarsu, bai kama suna ba. Liman ya ce in mai kaya ya yarda, sharaɗi ya inganta. Har Muttaka ya miƙe, sai liman ya ƙara da cewa, "Amma fa in mai kayan ya san darajar kayansa." Muttaka ya ɗauki rabin farko ya bar na biyun a masallaci.

Ya sayi fili a Gassi, ya gina ɗaki huɗu da bulon siminti. Sai da suka tare ya gane layi biyu ne tsakaninsa da Inna Hansai. Jinyar Sakinatu ta cinye rabin kuɗinta, siminti ya yi tsada, gininta ya tsaya a daidai taga. Ɗaki ɗaya ta rufa da tsohon kwano da leda. Kullum da safe in zai je ya hau bas ɗin cikin gari, sai ya wuce ta gaban teburin kifinta.

"Ga ɗan albarka nan!" Haka take gaya wa maƙwabta. "Shi ya sayar min da gida, ko dala bai rage min ba."

Ya sauya hanya, ya riƙa zagaye mai nisa. Da damina ta zo, ya ji labarin ruwa ya kwana a ɗakinta. Zaliha, wadda ya gaya wa komai tun farko, ta dube shi ta ce, "Malam, duk ka rame. Gidan nan bai karɓe ka ba."

Shekara biyu ya yi yana fama da ransa. Daga baya ya sayar da rabin filinsa da babur ɗin da bai daɗe da saya ba, ya haɗa miliyan uku, ya je ya durƙusa gabanta bayan la'asar, ya faɗa mata nawa aka sayi gidan.

Ta ɗago kai ta dube shi.

"Ranar da na ce maka Allah Ya sa ya hau, ka san zai hau?"

"Na sani, Inna."

"Da ka faɗa min, da Ngaoundéré, can ƙetaren iyaka, na kai Sakinatu babban asibiti tun da sauran ƙarfinta."

Sakinatu ta rasu wata huɗu kafin wannan rana. Inna Hansai ta jawo kuɗin ta tura ƙarƙashin tabarma. Ba ta zage shi ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Ta rufa gidanta ta ɗauko jikokinta. In sun haɗu ya gaishe ta, takan amsa a taƙaice ta kau da kai.

Labari ya bazu. Dillalai suka ce ya ɓata musu kasuwa, don masu gidaje sun fara neman a haɗa su ido da ido da mai saye. Idris ya daina zama da shi. Masu sayarwa kuma wasu suka guje shi, suna cewa wanda ya ci sau ɗaya zai sake.

Ya ci gaba da sana'ar a hakan, ciniki jefi-jefi. Duk wanda ya ce masa abin da ya hau nasa ne, sai ya girgiza kai, ya zaunar da shi ya faɗa masa abin da gidan zai yi. Ragowar da yake ganin haƙƙinta ce bai samu ya cika ba har Inna Hansai ta rasu a 2009. Yana cikin waɗanda suka ɗauki makararta.