Juyin Mulki a Aji Biyar

Rhoda Shekari ta girma a Kakuri, zamanin da jiniyar masaƙa ke riga zakara tashin unguwa. Mahaifinta ya baro Zonkwa ya tsaya gaban injin zare, ya yi ta shaƙar auduga har ya ga 'yarsa ta zama malama. Ta daɗe tana koyarwa a wata firamare a Barnawa, alli a dama, bulala a hagu. Ita ta faɗa, yara su maimaita, muryoyinsu na zuba kamar ruwan sama a kan kwano.

Shekarar da soja suka koma bariki aka tura ta bita. Can aka ce musu abin da yaro ya yi da hannunsa ya fi zama a kansa bisa abin da ya haddace. Maganar ta shige ta. Da ta dawo, darasin da ke gabanta shi ne zaɓe, sai ta ce ba za a rera shi ba, yin sa za a yi.

Ta huda kwalin madara ya zama akwati. Ta rataya tsohon zanenta a kusurwa ya zama rumfar zaɓe, ta dama shuɗin wanki don dangwale.

"Wanda kuka zaɓa shi ne monita," in ji ta. "Na yi muku alkawari, ba zan sa baki ba."

Mutum biyu suka fito. Harrison, tsohon monita, wanda ita ta naɗa shi saboda girman jikinsa, ya yi alkawarin ƙwallo. Favour, siririyar yarinya mai ƙaramar murya, ta ce in ta ci, maza ma za su riƙa shara. Aji ya kaure. Yaran da ba su taɓa ɗaga hannu ba suka yi ta musu har da tada jijiyar wuya. Aka kaɗa ƙuri'a, Favour ta yi rinjaye. Ranar Rhoda ta koma gida tana waƙar coci a cikin bas.

Washegari tana ofishin malamai ta ji ganga, irin kiɗan fareti. Ta nufi ajinta, ta tarar da shi tsit, shirun da bulalarta ba ta taɓa samar mata ba.

Harrison na tsaye a kan teburinta, da hular birged, wato ƙungiyar yara masu fareti ta coci, a kansa. Abokinsa Gideon na gefe, rataye da gangar makaranta.

"'Yan uwana 'yan aji biyar," Harrison ke cewa, ya ƙanƙance ido, ya kumbura murya. "An soke zaɓen jiya. An rufe ƙofa da taga. Kowa ya zauna inda yake sai an ji sanarwa ta gaba."

Rhoda ta tsaya a bakin ƙofa. Ba yaron ne ya girgiza ta ba, yaro ai da wasa aka san shi. Sauran ne. Waɗanda jiya suka yi tsalle da shuɗi a yatsa, ga su yau hannu a ƙirji, ido a ƙasa. Favour ta riga ta ajiye dasta da makullin kabad, kayan monita, a gaban ƙafar Harrison, ta koma bencin baya.

"Favour, wa ya ce ki ba shi?"

"Ba kowa, Ma. Ai an kaɗa ganga."

"In an kaɗa fa?"

"Babanmu ya ce in an ji kiɗan soja a rediyo, shiru ake yi, a ja ƙofa."

Rhoda ta dubi allo. Ba ta taɓa rubuta wannan darasi a allo ba, amma ga shi sun iya shi ba tuntuɓe.

Hedimasta, Baba Ishaya, ya leƙo ta taga. Da ya ji labari ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Madam, yaushe rabon ajin nan da natsuwa haka? Bar masa. Ko ki tsula masa biyu ya sauko, mu koma karatu. Dama na ce wannan bitar taku hayaniya ce."

Hannunta ya kai ga bulala. Bugu ɗaya zai sauko da Harrison. Amma sai ta ga abin da yaran za su tafi da shi gida: mai ganga ya kori mai ƙuri'a, mai bulala ta kori mai ganga. Ta saki bulalar.

"Ni ba zan sauko da shi ba," in ji ta. "Ba ni na zaɓi Favour ba. Wanda ya san ya zaɓe ta, ya miƙe."

Ba wanda ya motsa. Ana jin ihun kwandasta daga titi. Baba Ishaya ya girgiza kai ya juya zai tafi.

Sai benci ya yi ƙara. Wata yarinya mai suna Diana ta miƙe, hawaye na bin kumatunta kamar wadda aka ce za a harbe. Ta kusa da ita ta bi. Aka yi ta tashi ɗaya-ɗaya, kowa na satar kallon teburi.

Gideon ya sauke gangar a hankali, ya taka ya shiga cikinsu.

"Kai ma?" Harrison ya ce. "Ɗan iska, kai ka kaɗa mini fa!"

"Ka ce in kaɗa ne. Amma Favour na dangwala wa."

Harrison ya dubi ajin, ya cire hula, ya sauko. Favour ta zo ta ɗauki makullin, amma ba ta yi murmushi ba. Ta ɗaga kai ta dubi malamarta.

"Ma, in ya sake kaɗawa gobe, za su sake tashi?"

 Rhoda ta juya ga ajin.

"Ba ni za ki tambaya ba," ta ce. "Ga su nan."