Ya'akubu Ba Ya Rufe Inji da Yunwa

Ya'akubu bakanike mutumin Michika ne, amma a unguwar Lokuwa ta Mubi ya tsufa, a gindin wata bishiyar maina da ta sha baƙin mai har ciyawa ta daina fitowa a kewayenta. Ya sauko Mubi yana saurayi, ya koyi aiki a garejin En'e. Sai ga shekarun ƙuri'a, lokacin da aka tambayi mutanen yankin ko Nijeriya suke so ko Kamaru. Motocin masu kula da ƙuri'ar suka yi ta hawa duwatsu lafiya lau suna saukowa a lalace. Gari ya ɗauka da gardamar ƙasa, shi kuwa yana kwance a ƙarƙashin Landiroba. Da ƙura ta lafa ya tashi da akwatin sifana nasa na kansa, ya buɗe gareji.

A kan taimin ya yi suna. Can gaban inji akwai wata sarƙa da ke haɗa fayafayan ƙarfe biyu masu haƙora, kowanne da ɗan mitsitsin ɗigo da kamfani ya buga masa. In sarƙar ta tsufa aka sa sabuwa, dole ɗigon nan biyu su kalli juna kafin a rufe. A kuskure haƙori ɗaya, mota ta yi ta tari, tudu ya gagare ta. A kuskure fiye da haka, fistan ya daki bawul, mai mota ya koma neman jaki. Motar da Ya'akubu ya rufe ba a taɓa dawo masa da ita ba, kuma ba ya gajiya da faɗar haka.

Ana cikin wannan sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya je asibiti a ɓoye, aka ce yanar ba ta nuna ba, ya dawo in ta nuna, sai ka ce mangwaro. Bai gaya wa kowa ba, don ya san ba mai miƙa motarsa ga bakaniken da ba ya gani, kuma ban da wannan aiki bai iya komai ba, ko noman gyaɗa. Ya sallami masu taya shi aiki, ya ce sun cika surutu. Hannunsa dai ya san kowane noti, ya san gasket, ya san sarƙar da ta saki. Ɗigon nan biyu ne kaɗai suka gagare shi, don yatsun da suka yi kanta ba sa jin su.

Wata rana matarsa Rut ta kawo masa tuwo, ta tarar da shi ya cusa kai cikin inji yana zufa. Rut mace ce mai tsince tsakuwa daga wake tana hira, ba ta ko sunkuyawa. Ya yi ƙasa da murya.

"Maman Ƙauna, wannan ɗigo da wancan, suna duban juna?"

Ta ajiye kwano, ta leƙa. "A'a. Na sama ya wuce kaɗan."

Ba ta tambayi dalili ba, shi ma bai yi bayani ba. Daga ranar aka samu sabuwar doka a gindin maina: Ya'akubu ba ya rufe inji da yunwa. In ya zo kan taimin sai ya ajiye sifana, ya wanke hannu da kananzir, ya zauna jiran tuwo. Rut ta zo, ta durƙusa kusa da mota kamar mai neman inda za ta ajiye kwano, ta yi masa raɗa. Yau da gobe har ta iya bambanta ɗigon kamfani da tabon tsatsa, ta san na Fijo, ta san na Landiroba. In aiki ya yi yawa, Ya'akubu kan ci abincin rana sau biyu kafin azahar. Ya yi ƙiba, mutane suka ce Allah ya yi wa sana'arsa albarka.

Shekarar da yaƙin basasa ya yi zafi, kayan gyara suka ɓace daga kasuwa, don masu sayar da su sun kulle shaguna sun tafi. A cikin wannan hali Alhaji Bunu, wani ɗan kasuwa mutumin Borno mai kai kaya garin Uba, ya kawo Landirobarsa tana ƙara kamar an zuba mata tsakuwa. Ya zo da sabuwar sarƙa naɗe a cikin rawani, wadda ya ce sai da ya kai Maiduguri ya roƙi wanda ya roƙi wani kafin ya same ta. Bawul kuwa, in ya lanƙwashe, ko a Maiduguri babu.

Rut ba ta gari. 'Yarsu Ƙauna ta haihu a Michika, ta tafi wankan jego, amma ta ce tana nan tafe ranar kasuwa. Da wannan Ya'akubu ya dogara ya sauke lagireto, ya cire fanbel, ya buɗe gaban inji. Sai aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, rafi, wanda a can ake kira mayo, ya cika ya yanke hanya, ranar kasuwa ta zo ta wuce babu Rut.

Kullum da hantsi Alhaji Bunu zai zo ya zauna a kan wata tsohuwar taya da carbinsa. Ya'akubu ya ce sabuwar sarƙa sai ta kwana a mai. Alhaji ya ce to. Washegari ya ce gasket bai sha iska ba. Alhaji ya ce haka ne. Da ya ce ƙarfe ba ya son a ɗaure shi cikin sanyin damina, Alhaji ya gyaɗa kai ya ce kakansa ma haka yake faɗa. Ya'akubu ya san kakan Alhaji bai taɓa ganin mota ba, abin ya dame shi ƙwarai.

Ƙarya ta ƙare masa. Ya ga in ya ƙara kwana za a fara tambaya, sai ya yanke shawara ya rufe da ka. Ya shafa fayafayan, ya juya na sama zuwa inda zuciyarsa ta ba shi, ya ɗora sarƙa. Ya miƙa hannu zai ɗauki murfi ke nan, sai ya ji an riƙe masa wuyan hannu.

"Malam Ya'akubu, kar ka rufe," in ji Alhaji Bunu da Hausar yankin, wadda ba ta raba mace da namiji. "Maman Ƙauna bai duba ba."

Ya'akubu ya tsaya da hannu a sama. Ya ce, "Tuwo yake kawo mini, Alhaji."

"I, da tuwo."

"Wa ya sani?"

Alhaji ya ja carbi, ya yi tunani tsakaninsa da Allah. "Wanda bai sani ba ne ban sani ba. A tasha, kafin mutum ya kawo maka mota, sai ya tambaya ko Maman Ƙauna yana gari. Ni ne ban tambaya ba, laifina ne."

Kunya ta kama Ya'akubu har tafin ƙafa, haushi ya biyo baya. Ya tuna duk tuwon da ya tura a cikinsa ba don yunwa ba, direbobi na zaune suna kallonsa suna cewa a ci lafiya. Ya so ya yi faɗa, ya rasa da wa. Ya ce to Alhaji ya leƙa da kansa mana, ai yana da ido.

"Ni ɗan kasuwa ne," in ji Alhaji. "Motana kuma ba na koyo ba ne. Mayo zai sauka. Mu jira shi."

Suka jira. Ya'akubu bai sake kawo wani dalili ba, Alhaji bai sake nema ba, suka riƙa zama suna hirar tsadar gishiri.

Ranar da ruwa ya janye Rut ta iso da ƙafafu duk taɓo. Da ta ji akwai inji a buɗe, ko hutawa ba ta yi ba, ta ɗora tukunya. Ta zo gindin maina da kwano, ta gaida Alhaji da direbobin da suka fake a inuwa, ta durƙusa kusa da mota yadda ta saba. Ta leƙa, ta kawo bakinta kusa da kunnen mijinta.

Ya'akubu ya ja da baya kaɗan. Ya ɗaga murya.

"Faɗa da ƙarfi, Maman Ƙauna. Mai mota ma yana so ya ji."

Rut ta dube shi, ta dubi mutanen da ke zaune. Ba wanda ya yi dariya. Ta miƙe tsaye, ta goge hannu a zane.

"Haƙori biyu ya wuce, Baban Ƙauna. Dawo da shi baya."

Ya cire sarƙa, ya fara juya faifan a hankali, tana tsaye a kansa, har ta ce ya isa.