Babur ɗin Nma a Filin Garatu

Duk wanda ya san Tudun Fulani ya san rumfar Ndanusa bakanike, Banufen Bida mai baƙin hannu da taurin kai. A bakin rumfar akwai benci, kuma tun suna samari a nan yake zama da abokinsa Nma, suna musu guda ɗaya tak kamar an yi musu asiri: a tseren babur, hannun mahayi ne gaba ko kayan da aka ƙara wa inji?

Ndanusa na hannu ne. Yadda kamfani ya ƙera babur ɗinsa, haka yake hawansa a filin tsere na hanyar Garatu duk yammacin Lahadi. Nma kuwa, kai! Yau sabuwar kafireta, gobe salansa mai ƙarar da ke tada kajin unguwa.

"Ko jirgi aka ba ka, a kwanar farko za ka sha ƙasa," in ji Ndanusa.

"To hau jaki mana ka cinye mu, tunda hannu ne!" Nma zai mayar masa.

Ba su taɓa musayar babur ba. Kowa na tsoron amsar, kuma musun ya fi amsar daɗi.

Damina ta bara Nma ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Bayan sadakar arba'in, matarsa Kafayatu ta sa aka turo babur ɗin daga Fadikpe har rumfa, ta ce wa Ndanusa, "Baban Rahmatu, marigayi ya bar wasiyya kai za a ba."

Ndanusa ya lulluɓe shi da buhu. Samari na zuwa gyara, yakan jefa musu maganar da gangan: "Hannu ne, ba ƙarfe ba." Sai su ce, "Gaskiyarka, Baba," su ɗauki babur su tafi. Wallahi wannan "gaskiyarka" ta fi zagi ci masa rai. Ga benci, ga shayi, babu mai ƙaryata shi.

Ran nan ya gaji. Ya je Garatu ya kara da Sharif, gwanin filin na yanzu. A kan nasa babur ɗin, duk iya kwanciyarsa a kwana, Sharif ya bar shi a baya. Lahadin da ta biyo ya yaye buhun, ya share na Nma, ya koma. Hannu ɗaya, fili ɗaya, abokin karawa ɗaya. Yana murɗa totur bayan kwanar ƙarshe, inji ya amsa da wani ƙarfi da bai taɓa ji ba, ya wuce Sharif fit!

Aka yi ta ihu, "Baba, hannu ne! Hannu ne!"

Shi ya san ba hannu kaɗai ba ne. Dariya ta kama shi, irin ta wanda aka kayar kuma ya ji daɗi. Bai tsaya gaisawa ba, ya ɗauki hanyar gari yana shirya yadda zai faɗa, yana hango yadda Nma zai tafa cinya ya yi masa tsiya har Sallah ta zagayo.

Sai da ya karya kwanar layinsu Nma a Fadikpe, ya hango ƙofar gidan, sannan hannunsa ya saki totur.

Kafayatu ta leƙo don ta gane ƙarar salansar. Suka dubi juna.

"Na zo in gaya masa ya fi ni gaskiya," in ji shi.

Ta ce, "Kar ka kashe tukuna. Bar shi ya ɗan ƙara yin ƙara."