Katangar Iya Tomie

Haraguchi mai awara bai taɓa neman ko shugabancin layi ba, amma shekara goma sha takwas ya yi yana yi wa jam'iyya bauta. Aikinsa roƙon katanga. A garin nan ba a manna hoton ɗan takara a katangar mutum sai ka je ka rusuna, ka ƙara rusunawa, mai gida ya ce to. Katanga arba'in da uku ya tara da tsohon kekensa.

Wadda ta fi masa duka ita ce ta Iya Tomie, wata tsohuwa mai baki kamar reza, a kwanar tashar jirgin ƙasa. Duk mai zuwa aiki sai ya gan ta. Shekara shida yana kai wa tsohuwar awara mai zafi kafin ta yarda.

Jam'iyya ta ci mulki, bayan shekara uku mulkin ya suɓuce. Sai manyan jam'iyyar na Tokyo suka haɗe da wasu, suka sauya suna. Haraguchi ya sake bin gida-gida yana rusunawa. Bai gama ba suka dare biyu, kowane ɓangare ya aiko masa da hoton mutuminsa.

Ya iso gidan Iya da hotuna biyu a kwando, yana gumi.

"Yau kuma yaya sunanku, Baba?" in ji ta.

"Iya, a yi haƙuri, ana kan gyara ne."

"Gyaran me? Katangata sai sauya miji take yi, maƙwabta na dariya. Ga shayi. Kafin ya huce ka zaɓi ɗaya. In ba haka ba, likitan haƙori ya daɗe yana roƙon in ba shi ya manna tallarsa."

Ya zauna a dakali, ya baza hotunan a cinya. Na dama, Haraguchi ne ya riƙe masa lema a taronsa na farko. Na hagu kuwa har jana'izar mahaifiyarsa ya zo.

"Iya, a manna su gefe da gefe mana."

"Su da ba sa gaisawa? A katangata za ka sasanta su?"

Ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya ja tsaki. Iya ta tsoma yatsa a kofin, ta girgiza kai, ta shiga ciki. Yana zaune yana jin ta tana kiran likita a waya.

"Ka zo da gam ɗinka, ɗana, ni ba ni da shi."