Mutumin da Ya Ƙera Baƙar Laima

A gidan rediyon babu mai kiransa da sunan yanka. Baba Kwaram ake ce masa, don kafin ka gan shi ka ji shi, aljihunsa cike da makullai da murafen kwalba. Aikinsa yin sauti a wasan kwaikwayo. In an ce an buɗe ƙofa, shi ne ƙofar. Ruwan sama kuwa shinkafa ce yake zubawa a kan faranti, wuta kuma ledar burodi yake murzawa a gaban makirfo. Ɗakinsa yana ƙarshen baranda, wanda bai sani ba sai ya rantse shagon 'yan gwangwan ne. Tun yana saurayi yake wannan aiki har furfura ta cim masa, amma a duk abin da ya yi, da abu ɗaya yake tinƙaho: Baƙar Laima.

Wata marubuciya ce, sa'ar 'yarsa, ta zo da labarin. Wai wasu azzalumai sun ƙera makami sun rataye shi a sararin samaniya. Yakan buɗe kamar laima ya tare rana, ya zuƙe haskenta, sannan ya kwararo shi a kan birni guda ya mai da shi toka.

Ta ce, "Baba, ƙara kawai nake so mai ban tsoro."

"Ƙara kawai? 'Yata, da me aka yi abin nan? In zai buɗe, a hankali ne ko farat ɗaya? A ina yake tara hasken?"

Ta yi dariya. "Wallahi ban sani ba. A rediyo wa zai gani?"

Ya ce, "Ni zan gani."

Ita ta rubuta Laima, amma shi ya ƙera ta. Ya ɗauko tsohon keken ɗinkin matarsa na ƙafa ya ɗaura masa sarƙa: in ya taka feda a hankali, Laima ce take buɗewa. Ya sa fanka a cikin duro: Laima tana shan rana ke nan. Daga nan sai ya yi tsit, shirun da yake sa mai sauraro ya riƙe numfashi, kafin ya girgiza fallen langa-langa da hannu bibbiyu. Shi ke nan, birni ya tafi.

Kai, abin ya karɓu! Yara a layi suka shiga ɗauke laimar iyayensu suna bin juna da ita. Matarsa ta riƙa tsokanarsa: "Oh ni! Keken da na ɗinka wa 'ya'yanka kayan makaranta, shi ne yau yake cin birane?" Shi kuwa sai ya yi ta washe baki.

Abin da ba a sani ba a gidan rediyon shi ne kunnen Baba yana mutuwa. Shekara da shekaru na dukan ƙarfe a ɗaki rufe ba su tafi a banza ba. Manyan sauti yana jinsu, amma ƙanana masu tsini sun gudu ɗaya bayan ɗaya: kukan tsuntsu, ƙarar waya, fiton buta a kan wuta. Matarsa ta gane tun ranar da buta ta ƙone ƙurmus yana zaune kusa da ita. Ya roƙe ta ta rufa masa asiri. A wurin aiki ya koyi kallon leɓe, in ya ga ana dariya shi ma ya yi. Tsoronsa ɗaya, kada a gane a sallame shi Laima tana rataye a sama, wani ya ƙarasa masa ita.

To, keke dai keke ne, yana son mai. Wilinsa ya bushe, ya fara wani ɗan kuka siriri duk lokacin da Baba ya taka feda. Mai ɗaukar murya ya ji, amma wa ya isa ya gyara wa Baba Kwaram sauti? Ya ɗauka da gangan ne. Aka yi ta watsawa. Masu sauraro suka fara bugo waya suna tambaya ko Laima ta fara ciwo ne.

Ranar taron tsara shiri marubuciyar ta shigo bakinta har kunne.

"Baba, kai gwani ne! Na rasa yadda zan kayar da Laima, ashe ka riga ka nuna mini. Wannan ɗan kukan da ka saka, gaɓa ɗaya ce ta fara sassautawa. Nan jarumaina za su harba, duk abin ya ruguje."

Da ya gyaɗa kai kawai, da an wuce wurin. Ya sha gyaɗa kai ga maganar da bai ji ba, me ya hana shi a ranar? Girman kai na mai sana'a ne ya ci shi.

Ya ce, "Wane kuka? Laimata ba ta kuka."

Aka kunna faifan. Ya kafa kunne, ya ji sarƙa, ya ji rugugin duro, har aka kai ƙarshe. Ya ɗago kai da fara'ar wanda ya yi nasara. "To, ina kukan?"

Shugaban sashe ya sunkuyar da kai yana juya biro. Marubuciyar ta toshe baki da hannu. Nan take Baba ya gane.

Da faɗa aka yi masa ma da ya fi sauƙi. Ladabi aka shiga yi masa, irin wanda ake yi wa majinyaci. Ana ɗaga murya in za a gaishe shi, ana karɓe masa kaya a baranda. Shugaban ya kira shi ofis ya ce, "Baba, ka yi mana hidima. In an gama wannan zango sai ka huta." Ya kuma roƙe shi kada ya sa wa keken mai, don yanzu labarin ya dogara a kan kukan.

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, alfarma ɗaya. Ni na ɗaga ta, a bar ni in kayar da ita."

Aka amince masa.

Ya daɗe yana tsara faɗuwar. A ganinsa abu mai girman nan ba ya faɗuwa tim kamar buhu. Sai ƙarafunansa sun karye ɗaya bayan ɗaya, hasken da ya sha ya tsiyaye, ya yi dogon nishi, sannan ya mutu. Ranar ɗauka ya cire takalmi don ya ji ta tafin ƙafa. Ya taka feda, ya tsinke sarƙa, ya yaga langa-langa, daga ƙarshe ya ɗauki guduma ya farfasa keken da hannunsa. Gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Ta cikin gilashi ya ga abokan aikinsa suna tafa masa.

Gaskiya ɗaya ce, abin bai yi ba. Wanda ba ya ji ba ya sanin ƙarfin hannunsa. Ya yi duka fiye da kima, makirfo ya shaƙe, abin da ya shiga faifai hayaniya ce zalla. Suka ɗauko wata fashewa daga kwamfuta suka liƙa, kuma a duk gidan aka rasa mai zuciyar da zai faɗa masa.

Ranar da aka watsa kashi na ƙarshe, da yamma, yana zaune a tsakar gida da matarsa. Ya ɗora rediyo a cinya, ya kifa tafin hannunsa a kan sifika. Ya ji sarƙarsa tana tafiya a fatarsa. Ya ji duro. Ya gyara zama yana jiran karyewar ƙarfe na farko. Sai abu ya buga sau ɗaya, dum, kiɗan rufe shiri ya biyo baya.

Matarsa ta matso ta ce da ƙarfi, "Ya yi kyau, Malam."

"Ba nawa ba ne."

Idonta ya ciko. Ta dafa gwiwarsa. "Amma kukan naka ne. Sun bar shi, kafin a harba. Na ji shi da kunnena, kukan kekena ne."

Ya daɗe yana kallonta. A duk aikin rayuwarsa, abin da ya rage a iska shi ne kuskuren da bai taɓa ji ba.

Ya ce, "Yaya yake? Yi mini in ji."

Ta tsuke leɓe, ta matso daf da kunnensa, ta yi. Numfashinta mai ɗumi ya taɓa kuncinsa.

Ya jira kaɗan, sannan ya ce, "To, yi mana."