Talo-talon da Ya Kai Mukhtari Ƙasa

Duk wanda ya san unguwar Stapleton da ke tsibirin Staten Island a New York ya san Mukhtari mai kaji, in bai san fuskarsa ba to ya san hannunsa na dama. Hannun nan taɓarya ce Allah ya maƙala masa a kafaɗa. Tun yana saurayi a Ɗambatta yake dambe, gadon gidansu na mahauta, kuma a dambe in gwiwarka ko tafinka ya taɓa ƙasa to an kashe ka, magana ta ƙare. Mukhtari dai gwiwarsa ba ta taɓa gaisawa da ƙasa ba sai a sallah. Akwai wani ƙato da ya nausa a Kazaure, haƙorin mutumin sai a bayan tasha aka tsinto shi. Wani kuma a Wudil, har yau in ya ji kalangu sai ya shige ƙarƙashin gado, ko da na biki ne. Masu ƙarin gishiri suna cewa ya taɓa marin bijimi ya suma. Ƙarya ce, maraƙi ne.

Da Allah ya kawo shi New York bai samu wanda zai buga ba, sai ya koma kan kaji. A wani shagon kaji masu rai yake aiki, can sama da Harlem. Kullum da sassafe ya hau jirgin ruwa a St. George, ya ƙetare, ya shiga jirgin ƙasa, ya ɗaura ledar gaba, ya wasa wuƙa. Ya taka fukafukai da ƙafa ɗaya, ya taka ƙafafu da ɗayar, ya dubi gabas, bisimilla, fit! Kafin kaza ta gane abin da ake ciki har an fige ta. Aikin ya bar masa wata cuta: hannunsa ba ya ganin mai gashin tsuntsu bai latsa ƙirjinsa ya ji tsoka ba. Ko matashin kai na gashi ya gani a kanti sai ya latsa.

To wannan hannu shi ne ya raba shi da 'yarsa tilo, Sa'adiyya. Tana ƙarama ya tafi da ita shago don ta ga inda ubanta yake neman abinci. Ta ga jini yana bin kwata, ta ga wata farar kaza ba kai tana tsalle tana fesa wa bango. Daga ranar ba ta ƙara cin kaza ba, ba ta kuma ƙara yarda ya riƙe mata hannu ba, ko titi za su tsallaka. In ya yi mata Hausa ta mayar masa da Turanci, gajere, kamar mai amsa wa ɗan sanda. Ta girma, abin duniya, sai ga 'yar mahauci ta zama mai son tsuntsaye. Ta shiga wata ƙungiya ta masu yawon kallonsu, ga shi kuma da ƙarshen rani za ta tafi jami'a can nesa, kusa da iyakar Kanada.

Wannan tafiyar ce ta tsaya wa Mukhtari a wuya. Ya san in yarinyar nan ta tafi a haka, sai dai gaisuwar waya ranar sallah. Shi ya sa da ya karɓi hutunsa na farko tun zuwansa ƙasar, da matarsa Mariya ta ce masa Sa'adiyya za su je bakin teku kallon tsuntsaye, su shiga tsohuwar ganuwar sojoji da ke ƙarƙashin babbar gada, sai ya haɗiye girman kai ya ce zai bi.

Sa'adiyya ta dube shi, ta dubi hannun. Da Turanci ta kafa masa sharaɗi: ido kawai. Ba taɓawa, ba kamawa, ba maganar miya.

"Kallo kawai?" in ji Mukhtari. "A tashi tun asuba a je a kalli nama yana tashi sama, a dawo gida haka?"

"Malam, ka yi alkawari ko ka zauna," in ji Mariya.

Ya yi alkawari, har da ɗaga yatsa sama.

Abdul-Fatawu ne ya kai su a motarsa. Mutumin zangon Kumasi ne, shi ke fige kaji a shagon, kuma bakinsa ya fi injin figa sauri. Da ya ji labari ya rantse ko ba a gayyace shi ba sai ya je.

"Ei, Maigida! Kura za shi gadin awaki, ni in zauna gida? Wallahi waya na cike da caji."

Sun tarar da ƙungiyar a bakin ruwa, yawanci tsofaffin Turawa da huluna masu faɗi, kowa da tabaron hangen nesa rataye a wuya, suna magana ƙasa-ƙasa kamar a gidan makoki. Shugabarsu wata tsohuwa ce siririya wadda iskar teku ke neman ɗaukewa. Sa'adiyya ta rataya wa ubanta tabaro, a hankali, ba tare da yatsunta sun taɓa shi ba. Ya duba. Ya ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya a cikin ruwa, ya ga agwagin daji, ya ga wani shaho ya faɗo daga sama kamar an jefo dutse, ya cafki kifi, kifin na wutsil-wutsil a farcensa. Tsofaffin nan suka hau tafi ba sauti.

"Ka gani ko," ya raɗa wa Abdul-Fatawu. "Shi ya yi kisa ana masa tafi. Ni da nake bisimilla, ni ne mugu."

Amma ya daure. Hannayensa biyu a aljihu, har gumi suke. Da suka shiga ganuwar ma ya nuna hankali. Gini ne na jibga-jibgan duwatsu, hawa kan hawa, da ƙofofi a jere suna kallon teku, inda a da ake kafa igwa don a ragargaza jiragen abokan gaba. Mukhtari ya shafa bangon ya jinjina kai, ya ce wanda ya gina wannan ya san faɗa. Sa'adiyya ta ɗan yi murmushi, ta nuna masa sheƙar wasu 'yan tsuntsaye a tsagar dutse. Murmushin nan, ji ya yi kamar an buga masa kalangu a tsakiyar fili.

A hanyar hawowa ne Shaiɗan ya tare shi. A kan ciyawa, gefen hanya, sai ga garken talo-talo. Ba keji, ba igiya, ba mai su. Talo-talon daji ne da suka saba yawo a wannan gefen tsibirin, har motoci suke tsarewa. Mukhtari ya tsaya cak. Wata mace daga cikinsu, mai sheƙi, mai ƙiba, ta taho tana rangwaɗa har gaban takalminsa.

Shi dai har gobe yana rantsuwa bai aiki hannun ba. Hannun ne ya fita daga aljihu da kansa, ya sunkuya, ya tallabo ƙirjinta, ya latsa.

Ihun da ta yi, sai ka ce an taka wutsiyar kare. Kafin Mukhtari ya miƙe, ciyawa ta dare. Ga mijin nan tafe. Jama'a, wannan ba talo-talo ba ne, raƙumi ne aka yi wa gashi. Ya baje wutsiya ta rufe gadar gaba ɗaya, kansa ya koma shuɗi, jan naman hancinsa na reto, fukafukai na jan ƙasa kamar mai wasa takobi. Bai yi sallama ba. Ya tashi sama ya sauke ƙaimi biyu a cinyar Mukhtari, wando ya tsage har gwiwa, jini ya yi tsartuwa.

"Asem! Yau ga magana!" in ji Abdul-Fatawu, ya haye kan benci, waya a sama. "Turmin farko! Maigida, ɗaura zare!"

Tsofaffi suka watse, huluna na tashi. Talo-talo ya dawo. Ya kai masa duka da fiffike a kunne, kau, har sai da ya ji ƙarar jirgin ƙasa a cikin kansa. Ya sare shi a goshi, ya tsinke igiyar tabaron, ya sake sara a gira. Jini ya rufe wa Mukhtari ido ɗaya. Matan garken suka kewaye su suna guɗa irin tasu.

To a nan ne tsohon jini ya motsa. Mukhtari ya ja ƙafar hagu gaba, ya miƙa hannun hagu, ya ja na dama baya, tsayuwar da ta sa maza fitsari daga Ɗambatta har Gumel. Talo-talo ya sake tasowa sama. Hagu ta cafe wuyansa a iska. Ya maka shi da ƙasa, tim, ƙura ta tashi, gashi ya watsu. Daga nan kuma ba ɗan dambe ba ne, mahauci ne: ƙafa ɗaya ta taka fukafukai, ɗaya ta taka ƙafafu, ya juya ya dubi gabas. Babu wuƙa, amma hannun dama ba ya buƙatar wuƙa. Murɗa ɗaya, wuyan nan zai ce ƙas.

"Baba!"

Ba "Dadi" ta ce ba kamar yadda ta saba. Baba ta ce. Ya ɗago da ido ɗayan da ya rage masa. Sa'adiyya na tsaye, hannu biyu a baki, fuskarta irin ta ranar farar kazar nan sak.

"Baba, ka yi alkawari," ta ce, da Hausarta mai tsami, kowace kalma na tuntuɓe.

Mukhtari ya dubi wuyan da ke hannunsa, yana jin jijiyar na bugawa a tafinsa. Ya san abin da zai biyo baya in ya saki, don ya san tsuntsu fiye da yadda ya san mutane. Ya buɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗage ƙafa. Ya mayar da hannayensa biyu baya ya harɗe.

Talo-talo bai san godiya ba. Ya miƙe, ya girgije, ya ja da baya kamar rago, ya taho. Ƙaimi a ƙwauri, ƙaimi a ciki, baki a leɓe. Mukhtari na tangaɗi, hannu a baya, bai rama ba. Bugun ƙarshe a bayan gwiwa ya same shi, ƙafar ta lanƙwashe, sai ga gwiwar da Kazaure da Wudil suka nema suka rasa ta sauka a kan ciyawar Staten Island, dim.

"Kisa!" Abdul-Fatawu ya ƙwala daga kan benci. "La'ilaha! An kashe Maigida! Ya mutu a hannun miya!"

Da abin ya so ya wuce haka, don tsuntsun ya haye bayansa yana sara masa ƙeya, sai tsohuwar nan siririya ta taho ta buɗe laima a fuskarsa, fat. Talo-talo ya tsorata, ya sauka, ya tattara matansa ya tafi yana taƙama, yana waiwaye.

A kan bencin aka zaunar da Mukhtari, bayan an kori mai ɗaukar hoto daga kai. Leɓe ya kumbura kamar ƙosai, wando ya zama tuta. Tsohuwar ta yi masa faɗa mai tsawo da Turanci a kan taɓa dabbar daji, ya yi ta gyaɗa kai. Sa'adiyya ta buɗe jakarta ta fito da ruwa da auduga. Ta goge goshin, ta goge girar. Sai ta ga bayan hannun daman ma ya tsage. Ta ɗan tsaya. Sannan ta ɗauko hannun, taɓaryar nan gaba ɗaya, ta ɗora a cinyarta tana wankewa.

Mukhtari ya kau da kai yana kallon teku, wai iska ce ke sa masa ruwan ido.

"Baba, ka faɗi," ta ce.

"Na faɗi, uwata."

"Kawu Fatawu ya tura wa kowa bidiyon."

"Har Ɗambatta," in ji Abdul-Fatawu. "Wani daga Wudil ya kira, ya ce a gaida talo-talo, zai aiko mishi da goro."

Sa'adiyya ta ƙyalƙyale da dariya, ba ta saki hannun ba. Ta naɗe shi da bandeji, zagaye bayan zagaye, har ya koma kamar an ɗaura masa zaren shiga fili. Da ta gama ta waiwaya ta ga tsohuwar ta yi nisa, sai ta matso kusa da kunnensa mai lafiya.

"Baba, wadda ka taɓa... tana da nama?"

Mukhtari ya lumshe ido ɗayan.

"'Yar nan, bari kawai," ya ce. "Da dankali, ta ishe mu har da maƙwabta."

Ta kai masa duka a kafaɗa, ta kama hannun ta tayar da shi, suka nufi mota yana ɗingishi, tana riƙe da shi har suka tsallaka titi.